Injin Nukiliyar Samaru da Darasin Santa Susana

Mutumin da ya hau mota daga Tudun Wada zuwa Samaru ba lalle ne ya san cewa a ƙarshen tafiyarsa akwai injin nukiliya na farko da Nijeriya ta mallaka ba. Yana Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar ƙasar Sin ne, kuma ya fara aiki a 2004. Ƙarami ne, ƙarfinsa kimanin kilowat 30 kacal, ba ya ba da wutar lantarki. Aikinsa shi ne gano sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai, da horar da ɗalibai.

A 2018 aka cire masa yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda za a iya haɗa bom da shi, aka mayar wa Sin, aka sa masa mai rauni a madadinsa. Waɗanda suka yi wannan aiki sun cancanci yabo.

Amma tarihin irin waɗannan wurare yana da gargaɗi. A Santa Susana, kusa da birnin Los Angeles na Amurka, an fara gwajin injunan roka tun ƙarshen shekarun 1940, daga baya aka kafa injunan nukiliya a wurin. A watan Yuli na 1959 ɗaya daga cikinsu ya yi zafi fiye da kima, sandunan makamashinsa 13 cikin 43 suka lalace. Jama'ar da ke kewaye ba su san girman abin ba sai a 1979, bayan wasu ɗaliban jami'a sun tono takardun. An daina gwaji a wurin a 2006, amma gardamar share gubar ba ta ƙare da rufe shi ba.

Ba a kwatanta injin Samaru da wancan ta fuskar girma ko haɗari. Duk da haka kowane inji yana da ranar da za a kashe shi. Wajibi ne Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa da jami'ar su riƙa buga sakamakon awon da suke yi a kewayen cibiyar, da Turanci da Hausa, su ajiye kwafe a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim inda ɗalibi zai iya dubawa. Ya kamata kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana tun yanzu wanda zai biya kuɗin kwance injin, da inda za a kai makamashin da ya ƙone.