Fandeshan Ɗin Amarya Da Alƙalamin Marubuci



Na san wasu daga ganin kanun nan za su ce yau kuma shagon kwalliya aka buɗe mana. Ku ɗan yi haƙuri da ni, musamman yayyenmu maza, domin maganar za ta biyo ta ƙofar kowa.

Kwanakin baya aka yi bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Yarinya ce baƙa mai sheƙi, irin wadda ko man kaɗanya ta shafa sai ka sake kallonta. Ranar dina aka kawo mai kwalliya, aka biya kuɗi masu kauri. Ina zaune a bakin gado na ga ta ɗauko kwalbar fandeshan da ta fi fatar amarya haske nesa ba kusa ba. Da na yi magana, amaryar ce da kanta ta tare ni: "Yaya, don Allah ki bar ta, so nake na ɗan yi haske." Na ja bakina na yi shiru. Da hotuna suka fito, fuska ta yi toka-toka, wuya da hannuwa suna nan a baƙinsu, kamar an ɗora kan wata a jikin wata. Har yau ba ta son a buɗe hotunan a gabanta. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Da farko mai kwalliyar na ɗora wa laifi. Sai da dare na buɗe labarin da nake rubutawa, na ci karo da jarumata a shafi na biyu: fara sol, dogon hanci, gashi har gadon baya. Muguwar kishiya kuwa, kun riga kun san kalar da na ba ta. Amaryar nan ni na fara tura mata littattafai a waya tun tana ƙaramar sakandare. Jikina ya yi sanyi.

Ra'ayina shi ne, fandeshan ɗin da ya dace shi ne wanda idan an shafa ba a ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Aikinsa ya daidaita launin fuska, ya rufe tabo, ba aikinsa ba ne ya sauya wa mace kala. Mu marubuta kuma muna da hannu a wannan kuskuren da 'yan mata ke yi, saboda muna rubuta kwalliya ba tare da mun san ta ba. To bari mu fara da sanin.

Kafin a je ga kala, sai an san irin fatar. Hanya mai sauƙi ita ce a wanke fuska, kada a shafa komai, a jira kamar awa ɗaya. Idan fuskar duka ta ɗauki ƙyalli, fata ce mai maiƙo. Idan ta ɗaure tana ja, ko ta yi furu-furu, busasshiya ce. Idan goshi da hanci da haɓa ne kawai ke ƙyalli, kumatu kuma a bushe, gauraye ce, kuma mata da yawa a nan suke. Akwai ta huɗu, mai saurin fushi, wadda sabon mai kaɗan ke sa ta ƙaiƙayi ko ƙuraje.

Firaima shi ne abin da ake fara shafawa bayan man fuska, kafin fandeshan. Kamar shafen da magini ke yi wa bango ne kafin mai fenti ya zo. Mai maiƙo tana buƙatar firaima mai danne ƙyalli, da fandeshan marar mai wanda ba ya toshe ƙofofin fata. Kada ta ce tunda tana da maiƙo ba ruwanta da man fuska, ta nemi marar nauyi ta shafa kaɗan. Mai busasshiyar fata ta nemi firaima mai riƙe danshi, irin wanda ke da gilisarin, da fandeshan na ruwa ko na kirim, sannan ta rage hoda, don hoda ce ke fito da tsagewar fata fili. Mai gauraye ta raba fuskarta biyu: mai danne ƙyalli a goshi da hanci da haɓa, mai danshi a kumatu. Mai saurin fushi ta guji masu turare, ta fara gwada kaɗan a bayan kunne, ta ba shi kwana ɗaya ko biyu ta ga yadda fatar za ta karɓa.

Ga wani abu da ke ɓata wa mata da yawa aiki. Firaima iri biyu ne a mafi yawan lokuta: mai silikon da na ruwa. Ki duba bayan kwalba, idan kin ga dimethicone ko wasu kalmomi masu ƙarewa da "cone" a sahun farko na jerin sinadarai, mai silikon ne. Idan aka ɗora fandeshan na ruwa a kan firaima mai silikon da yawa, sau da dama sai ya riƙa murmushewa kamar dattin wanka. Shi ya sa ake so su zama 'yan gida ɗaya, kuma a bar firaima ya yi minti ɗaya ko biyu ya zauna kafin a ɗora wani abu.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Fatar da ke tsatsafo da mai a bazara, lokacin da zafin Afrilu ke narka komai, ita ce ke tsagewa a hunturu. Kwalbar da ta yi wa mace daidai a Disamba tana iya zubo mata a wuya a Mayu.

Yanzu ga inda amaryarmu ta faɗi, wato zaɓen kala. Ana haɗa launin fandeshan ne da sinadaran ƙarfe masu ba da ja da rawaya da baƙi, a tsarma su da wani farin sinadari, titanium dioxide. Duk kwalbar da ta fi haske, farin ya fi yawa a cikinta. Idan aka shimfiɗa farin nan a kan baƙar fata, ba fari ake samu ba, toka ake samu. Hasken kyamara da dare kuma yana ƙara tona asiri, musamman idan an labta farar hoda a ƙasan ido.

Bayan duhu ko haske, kowace fata tana da wani launi da ke kwance a ƙarƙashinta. Wata baƙinta ja-ja ne, wata ruwan zinariya, wata tsaka-tsaki. Mata biyu za su iya zama wankan tarwaɗa iri ɗaya a ido, amma kwalba ɗaya ta yi wa wannan kyau, ta mayar da waccan kamar lemo. Saboda haka ba a gwaji a bayan hannu, domin hannu da fuska ba kala ɗaya ba ne. A muƙamuƙi ake yi: a ja layi uku na kaloli uku masu kusanci, a fita waje hasken rana, a jira kamar minti goma, tunda wasu suna ƙara duhu idan sun sha iska sun haɗu da maiƙon fata. Layin da ya ɓace, shi ne naki. Wajen shafawa kuma a fara da kaɗan daga tsakiyar fuska zuwa gefe, da soso mai ɗan danshi, ana dannawa a hankali ba gogawa ba, a gangaro har wuya.

A da muna da uzuri, don kamfanonin Turai da Amurka sun daɗe ba sa kula baƙar fata. Amma Tara Fela-Durotoye ta kafa House of Tara a Najeriya tun 1998, kuma a 2017 mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da kala 40 na fandeshan a tashi ɗaya, har sauran kamfanoni suka shiga gasar ƙara kalolin masu duhu. Yau kalar mace baƙa tana nan a kasuwa. Abin da ya rage shi ne ta yarda ta miƙa hannu ta ɗauka. A nan ne alƙalaminmu ya shigo.

Ku tuna littattafai goma na ƙarshe da kuka karanta a waya. Jarumai mata nawa ne baƙaƙe? Cikin waɗanda aka ce baƙaƙe ne, nawa ne suka ƙare labarin a baƙinsu? Mun san salon: yarinya tana ƙauye baƙa ƙirin, tana shiga gidan mai kuɗi ta sha hutu da sanyin na'ura, sai ga ta ta "murje ta yi haske". Idan ma marubuciya ta tausaya mata, sai ta ce kalar cakulan ce, ta yi maza ta ƙara da cewa "amma mai haske". Wannan "amma" ɗin ita ce amaryarmu ta faɗa wa mai kwalliya.

Na san abin da za a ce. Za a ce labari ne kawai. To idan labari ba ya taɓa zuciya, me ya sa muke alfahari duk lokacin da mai karatu ta ce littafinmu ya gyara mata aure? Ba zai yiwu mu karɓi yabon tasiri, mu ƙi karɓar alhakinsa ba. Za a ce son farar fata ya girmi littattafanmu, akwai finafinai da waƙoƙi da surukai masu cewa a samo fara. Gaskiya ne, ba mu muka haƙa rijiyar ba, amma muna cikin masu yashe ta kullum. Za a kuma ce masu karatu fara suke so. Ni dai na ga masu karatu suna bin jaruma ne saboda halinta da irin wahalar da ta shiga, kuma ba mu cika ba su baƙar jarumar da aka rubuta da kyau ba, balle mu ce sun ƙi ta.

Kada a fahimce ni a baibai. Farar mace ba ta yi laifin komai ba, Allah ne Ya yi ta haka, kuma tana da gurbinta a labari. Kwalliya ma ba aibu ba ce. Abin tsoron shi ne tazarar da ke tsakanin fandeshan mai haske da man bilicin ba ta da yawa. Wadda ta saba ganin kanta da aron fuska, wata rana za ta so fuskar da ba ta fita da ruwa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 sun nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito.

Ko don ingancin rubutu kaɗai, sanin nan riba ce. Maimakon "ta caɓa ado ta fito kamar tauraruwa" da muka gaji da karantawa, ku nuna mana budurwa tsaye a bakin shago a kasuwar Sabon Gari da layi uku a muƙamuƙi, tana jiran rana ta yanke mata hukunci. Ku nuna gefen farin hijabi da ya ɗauki shatin ruwan ƙasa. Ku nuna ƙawar amarya tana kallon agogo, la'asar ta gabato, ga fandeshan mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, ta kuma san malamai sun ce duk abin da ke hana ruwa isa ga fata sai an cire shi kafin alwala. Ku nuna mai kwalliyar da ke goga soso ɗaya a fuskar mutum goma ba wanki, da ƙurajen da suka biyo baya. Jarumarmu da ke kwana da kwalliya ta tashi da fuska sumul, kowace mace ta san ƙarya muka yi. Duk waɗannan abubuwa ne da ke nuna hali, da talauci ko wadata, da tsoron Allah ko sakaci, ba tare da marubuci ya tsaya wa'azi ba.

Ni dai na koma shafi na biyu na gyara. Jarumata yanzu baƙa ce, kuma a baƙinta za ta kai ƙarshen littafin, ko da ta auri mai jirgin sama. Ban sani ba ko hakan zai sa ƙanwata ta yafe wa hotunanta, amma tana da ƙanne mata biyu da suka fara karatun littattafai, kuma su ma wata rana za su zauna a gaban mai kwalliya.

Ga ɗan aikin wannan mako ga mai sha'awa: a rubuta fitowa ɗaya, kada ta wuce kalma 150, inda mace ke shirin zuwa biki. A nuna mana kyanta ba tare da kalmar "fara" ko "haske" ba. Wanda kuma yake ganin na yi tsauri, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya sa mu rubuta abin da ba za mu yi nadamarsa ba.