Zuwa Ga Masu Sana'ar Da Aka Ba Gyaran Ɗakin Taruwar Ɗalibai



Da ku nake, kafintoci da masu ɗinkin kujera, masu fenti, masu wayarin, masu tayil da masu walda, da duk wanda hannunsa zai taɓa ɗakin taruwar ɗalibai a jami'o'inmu, wanda su ɗaliban suke kira kwaman rum. Idan aka yi dogon hutu, ɗalibai suka kwashe akwatunansu suka tafi gida, a lokacin ake kiran ku. Wani lokaci kuɗin hukumar makaranta ne, wani lokaci tsofaffin ɗalibai ne suka yi karo-karo don su saka wa makarantar da ta raine su, wani lokaci kuma ƙungiyar ɗalibai ce ta tsakuro daga ɗan abin da ta tara. Ko na wane ne, abu ɗaya ba ya canzawa: wanda ya ba ku aikin ba shi ne zai zauna a ɗakin ba, kuma waɗanda za su zauna ba sa nan lokacin da kuke aiki, ba za su taɓa sanin sunanku ba balle su biyo ku shago su ce kujera ta karye. Saboda haka aikin ya koma tsakaninku da Allah, kuma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Falon alhaji mutum biyar ko shida ke zama a cikinsa, kuma akwai uwargida da za ta ce wa yaro ya sauke ƙafa daga kan kujera. Kwaman rum ba shi da uwargida. Ɗaruruwan matasa ne ke shiga suna fita dare da rana, babu wanda yake ganin ɗakin nasa ne shi kaɗai. Duk abin da kuka saba yi wa falo, ku ajiye shi a bakin ƙofa.

Idan da hali, kafin ku ciro tef ku fara awo, ku je ɗakin tun ɗalibai suna nan. Ku je ranar Asabar da yamma ana buga Firimiyar Ingila, ko daren Talata da Laraba ana gasar zakarun Turai. Za ku ga kujerar mutum uku ta ɗauki shida, biyu a kan hannuwanta, ɗaya a kan makarinta ya ɗora ƙafa a mazauni. Na baya sun hau benci don su hango talabijin, kuma da an zura ƙwallo duk za su yi tsalle su diro lokaci ɗaya. Ku sake komawa ana saura mako guda jarrabawa, wajen ƙarfe biyun dare. Za ku tarar an janyo tebura an tara su ƙarƙashin ƙwan fitilar da ya fi haske, an jona wayar ƙari a kan wayar ƙari daga soket ɗaya, wayoyin hannu sun kai ashirin suna caji a ƙasa, masu su kowa ya sa ido a kan tasa. Idan kuma hutu ya riga ya zo, bangon da kansa zai ba ku labari: baƙin layin maiƙo daidai inda kawuna ke jingina, sawun takalmi a ƙasan bango, ƙonewa a gefen soket, da wurin da filasta ta farfashe saboda hannun ƙofa yana dukanta. Ku tambayi fota da masu shara. Sun fi duk wanda ke ofis sanin abin da ke lalacewa da wuri.

Kafinta, da kai zan fara, domin aikinka ne ke fara nuna gaskiya ko ƙarya. Katakon da aka sayo ɗanye daga 'yan katako, ko na Na'ibawa a Kano ko na Sabon Garin Zariya, idan aka haɗa shi cikin damina zai yi kyau ranar da aka kawo, amma da hunturu ya busa zai tsuke, haɗin ya saki, ƙusa ta fara leƙowa. Ka nemi busasshe, ko ka saya da wuri ka jingine shi ya sha iska. Ka shafa masa maganin gara tun kafin haɗawa, har cikin ramukan haɗin, ba bayan an gama a fesa a sama ba. Allon nan na garin katako da aka matse, wanda ake lulluɓewa da leda mai sheƙi, ya dace da durowar ɗakin amarya, amma a nan ruwan leda ɗaya da aka zubar ya isa ya kumbura shi, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. Ni a ganina abin da ya fi dacewa da wannan ɗaki shi ne benci mai ƙashin ƙarfe da mazaunin katako mai kauri, a ɗaure katakon da noti maimakon ƙusa, yadda idan falle ɗaya ya tsage za a kwance shi kaɗai a sa wani. Tsayin mazauni kamar santimita 45 daga ƙasa, tebur kamar 75, shi ne abin da ke ba mutum damar yin awa uku yana rubutu bayansa bai ƙage ba. Mai walda kuma ya sa bututu mai kauri, ya zagaye haɗin da walda gaba ɗaya, ba ɗigo huɗu ba, ya goge kaifin, ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado.

Mai ɗinkin kujera, na san ba za ka ji daɗin wannan ba, amma sai na faɗa: ka rage soso da yadi a wannan ɗakin. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san kuɗin cizo. Kujera mai zurfin lungu da ninkin yadi gida ce gare shi, kuma idan ya shiga sai dai a fitar da kujerar a ƙona. Idan dole sai an sa taushi, ka yi matasai masu cirewa, soso mai nauyi, rufin leda mai kauri da za a goge da tsumma, ɗinki kaɗan, da zif don a iya sauya rigar. Ranar da aka samu rana a fitar da su a shanya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ita ce rushe abin da yake da kyau don a ce an yi sabo. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri a 1975, Kwalejin Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Yawancin gine-ginen wancan zamani an yi su da rufi mai tsayi, da tagogin luba a bangaye biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da daɓen tarazo. Waɗanda suka zana su sun san zafin watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kuma ba su dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sai ga shi yau abin da ake fara yi wajen gyara shi ne a fasa tarazon da ya yi shekara hamsin bai tsage ba, a shimfiɗa tayil mai santsi, a cire luba a sa tagar alminiyam mai turawa, a sauko da silin da fi'ofi. Tagar turawa rabinta kawai ke buɗewa, luba kuwa kusan duk faɗinta iska ce. Silin da aka sauko da shi ya rage wurin da zafi zai hau ya tsaya. A ƙarshe ɗakin ya yi kyau a hoto, amma da an ɗauke wuta babu mai iya zama a ciki. Tarazo a wanke shi, a cike ramukansa, a goge da inji, zai dawo kamar jiya aka yi. Luba a sauya gilasan da suka fashe, a gyara hannuwan, a sa ragar sauro. Idan mai ba da aiki ya nace sai tayil, ku zaɓa masa marar santsi, ku cika siminti a ƙarƙashinsa sosai, don tayil ɗin da aka ɗora a kan dunƙule biyar yana ƙara kamar ganga kuma ƙafar benci ɗaya ce za ta fasa shi.

Akwai haɗari a tsofaffin silin da ya kamata kowane maigida ya faɗa wa yaransa. Da yawa daga cikin fallayen silin na wancan lokaci na asbestos ne, kuma ƙurarsa idan ta shiga huhu tana haddasa cuta mai kisa wadda ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada a yanka shi da inji, kada a farfasa shi da guduma. A jiƙa shi, a kwance shi ɗaiɗai, a rufe hanci da abin kariya na gaske, kuma kada a bar yaro ya kwashi ɓaraguzan ya kai gida.

Mai fenti, kada ka buɗe bokiti sai ka ɗaga kai ka dubi rufi. Idan akwai tabon ruwa a silin, ko bango yana fitar da farin gishiri yana ɓarewa daga ƙasa, matsalar tana kan kwano ko indararo ko bututun banɗakin da ke maƙwabtaka. Fenti ba ya tsare ruwa. Ku tuna 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba: damina guda cur ta wuce ɗakuna suna kulle, babu mai ganin ɗigo balle ya tara bokiti. Ɗakin ɗalibai yakan zauna a rufe na watanni, don haka ƙaramin yoyon da ka rufe da fenti yau zai yi ta aiki shi kaɗai. Ka faɗa wa mai aikin a fara da rufi, ko da hakan zai jinkirta naka. Sabuwar filasta kuma a ba ta makonni ta bushe. Daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya da rabi ka sa fentin mai, mai ɗan duhu, wanda za a wanke da sabulu. Daga nan zuwa sama da silin ka sa mai haske, don ƙwai huɗu su yi aikin takwas ga mai karatun dare. Kuma don girman Allah a daina tsinka bokiti ɗaya da ruwa har ya zama biyu. Ɗalibin da ya jingina da farar riga ya tashi da launin bango a bayansa ya san abin da aka yi. Ka bar musu allon manna sanarwa babba, ko biyu, in ba haka ba lokacin zaɓen ƙungiya fastoci da gam za su cinye aikinka cikin mako guda.

Mai wayarin, a hannunka rayuka suke. Ginin da aka yi lokacin da ɗalibi ba shi da abin jonawa sai rediyo, yau kowane ɗalibi yana da waya, da yawa suna da kwamfuta, wani ma zai faki ido ya jona hita ko dutsen guga. Ka yawaita soket a kewayen ɗakin, a daidai tsayin tebur, ka raba su layi-layi kowanne da abin katse wutarsa. Wayar soket ta zama ta jan ƙarfe zalla mai kauri 2.5, ta fitilu 1.5, ba alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe ba, wanda ka san ana sayarwa kuma ka san yadda ake gane shi idan an kankare. Ka haɗa wayar ƙasa da gaske, har sandar da aka binne. Fanka a rataye ta a ƙugiyar da ta kama kankaren sama ko ƙarfen rufi, kada a dogara da silin. Talabijin a ɗaga shi sama yadda na baya zai gani ba sai ya hau benci ba. Idan akwai sola ko inbata, fitilun karatu da 'yan soket na caji a fara ɗorawa a kai.

Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, kuma idan ɗakin yana da ƙofa ta biyu kada a toshe ta da kabad ko a yi mata walda don tsoron ɓarayi. Tagogi duk da ƙarfen tsaro, ƙofa ɗaya mai buɗewa ciki, mutum ɗari a ɗaki: ku da kanku kun san abin da zai faru ranar da waya ta yi tartsatsi. Sannan akwai ɗalibai masu keken guragu da masu sanda da makafi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shigarsu, kuma wa'adin ya cika. Matakala biyu a bakin ƙofa sun isa su hana ɗalibi kallon ƙwallo da abokansa har ya gama digiri. Gangara mai sauƙi, tashin santimita ɗaya a kowane santimita 12 na tsawo, da ƙofa mai faɗin santimita 90, ba za su ci buhun siminti da yawa ba.

Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku ne. Sau da yawa ba ku kuka karɓi kwangilar ba, hannu na biyu ko na uku ta iso gare ku, kuɗin sun riga sun zagwanye a hanya, an ce ku gama kafin ranar da manya za su zo yanke ƙyalle, cikon kuɗinku ma sai kun yi ta sintiri. Ba na ce ku yi aikin asara ba. Abin da nake roƙo shi ne idan kuɗin ba za su isa a yi duka da kyau ba, ku faɗa tun wurin ƙiyasi, ku rubuta a takarda: wannan kuɗi zai gyara rufi da waya da benci ashirin masu ƙwari, ba zai kai ga fi'ofi da labule ba. Araha ba ta ado. Mai ba da aiki yana iya ƙi, amma da yawa daga cikinsu, musamman tsofaffin ɗaliban da suka cire daga aljihunsu, ba su san bambancin ba ne kawai, kuma za su gode wa wanda ya nuna musu.

Idan kun gama, ku bar wa jami'in da ke kula da ɗakin ragowar fenti da sunan launinsa, da 'yan fallayen tayil, da zanen inda wayoyi suka bi a bango, da lambar wayarku. Bayan damina ta farko ku koma ku duba, ko ba a kira ku ba: ku ɗaure notin da ya saki, ku ga ko rufi ya riƙe. 'Ya'yan talakawa ne mafi yawan masu zama a wannan ɗakin, har da 'ya'yanku da ƙannenku, waɗanda ba su da kuɗin kama ɗaki a cikin gari. Ku yi musu aiki mai ƙwari.