SHARHI: Lasifikar kan mota, muryar talaka da ke cin kunnen talaka

A biranen Arewa kunne kan riga ido sanin cewa kakar siyasa ta kama. Tun kafin fastocin 'yan takara su rufe bango, motoci masu ɗauke da lasifika mai bakin kakaki sun fara ratsa unguwanni da waƙoƙin jam'iyya. Idan zaɓe ya wuce, masu tallan maganin gargajiya da masu wa'azin kasuwa da 'yan kamashon tasha su ci gaba da amfani da ita. Najeriya na da dokar ƙayyade ƙara tun 2009, amma wannan na'ura ta ci gaba da aiki kamar dokar ba ta san da zamanta ba.

Dalilin da ya sa ta samu karɓuwa yana cikin ƙirarta. Lasifikar da kamfani ke saka wa mota a ƙofa tana ɓarnar wuta: kusan kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba ta ne ke zama sauti, saura ya tafi a zafi. Mai bakin kakaki kuwa tana da ɗan faifai siriri da ke matse iska ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, sannan bakin ya yi ta buɗewa a hankali har sautin ya fita da ƙarfi, ya nufi gaba maimakon ya warwatsu. Da wat ɗaya na wuta, lasifikar ƙofa kan ba da kimanin desibel 88 a tazarar mita ɗaya, ita kuwa ta kai 105 ko fiye. A ma'aunin sauti, ƙarin desibel 10 na buƙatar ninka wuta sau goma. Ke nan kafin lasifikar ƙofa ta kamo ta sai an ba ta wuta ninki hamsin. Shi ya sa batirin mota mai bolt 12 da ƙaramar amfilifaya sun isa mutum ɗaya ya cika kasuwa da muryarsa.

Ƙirar tana da wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba. Kakakin ba ya iya fitar da sauti mai kauri irin na ganga. Ƙarfinsa yana wajen siririn sauti, inda maganar mutum ke fita sarai. A daidai wannan yanki ne kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji, kuma a nan ya fi saurin lalacewa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka ba irin wannan lasifika wat 30, ƙararta kan kai kusan desibel 120 a tazarar mita ɗaya. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara na raguwa da desibel 6: a mita 8 ta koma 102, a mita 32 ta koma 90, sai an yi nisan kusan mita 60 kafin ta sauko ƙasa da 85. Masana lafiyar ma'aikata sun ɗauki desibel 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. Mai wucewa zai ji haushi ya wuce. Wanda abin ke ci shi ne mai tebur da motar ta faka a gabansa tun hantsi, da mai sayar da ruwa, da matasan da aka ɗauko su zauna a bayan a-kori-kura kusa da kakakin tun safe har magariba saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kunne, masu mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ba sa sake tsirowa idan suka mutu. Cutar kan fara da ƙugi a kunne bayan taro, daga baya mutum ya riƙa jin magana amma ya kasa tantance kalmomi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa mutum fiye da biliyan 1.5 na fama da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu na buƙatar kulawa. Ga matashin da ba shi da inshorar lafiya, na'urar taimaka wa ji ta fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba.

Dokar da hukumar NESREA ke kula da ita ta sa iyakar desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin da gidaje suka cakuɗe da shaguna, ta kuma rage adadin a kusa da asibitoci. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da lasifika a kusa da rumfar zaɓe ranar jefa ƙuri'a, sai ga jami'in da aka ba aikin sanarwa. Sai dai ta ba jam'iyyu kwana 150 na yaƙin neman zaɓe ba tare da ta faɗi iyakar ƙarar da za su iya yi a kan titi ba. Jihar Legas, ta hannun hukumarta LASEPA, ta sha rufe majami'u da masallatai da gidajen rawa saboda ƙara, amma waɗannan gine-gine ne masu adireshi. Mota kuwa kafin a kai ƙara ta bar unguwar.

A Kano an sha jin sanarwar hana masu maganin gargajiya talla da kalaman batsa ta lasifika. Matakin ya dace da ƙorafin iyaye, sai dai abin da ya shafa shi ne kalaman da ake furtawa. Mai tallan da ya tsaftace bakinsa zai iya ci gaba da ƙure ƙara a ƙofar makaranta ba wanda zai ce masa kanzil.

Birazil ta fuskanci irin wannan matsala, har ma fiye, domin a can matasa kan cika bayan mota da jerin kakaki suna gasar ƙara. A 2016 hukumar kula da zirga-zirgar ƙasar ta mayar da duk sautin lasifika da ake ji daga wajen mota har ya dami jama'a laifi, in ban da motocin talla masu izini. A 2017 aka gyara dokar zaɓe: motar kamfe ba za ta yi yawo da lasifika ita kaɗai ba sai cikin jerin gwano ko wurin gangami, ƙararta kada ta wuce desibel 80 a tazarar mita 7. Dokar ta kuma taƙaita lasifikar kamfe tsakanin ƙarfe 8 na safe da 10 na dare, ta nesanta ta da asibitoci da makarantu da mita 200.

Akwai dalilin taka-tsantsan kafin a ce a hana ta kwata-kwata. Lasifikar mota ita ce ta gaji sanƙira. Da ita aka riƙa kiran iyaye su fito da yara rigakafin shan-inna, da ita ake cigiyar yaron da ya ɓata. Ɗan takarar kansila da ba zai iya sayen minti biyar a rediyo ba, ita ce kafarsa. Idan aka ce sai da izinin gwamnati, tarihi ya nuna wanda za a hana. Sai a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin gangami, a shari'ar da ANPP da wasu jam'iyyu suka shigar, bayan an daɗe ana amfani da shi wajen tarwatsa 'yan adawa. Dokar ƙara da ta dogara da ganin damar jami'i za ta bi wannan sahu.

Abin da ya fi dacewa shi ne ƙa'idar da ake aunawa: adadin desibel a tazara sananniya, lokacin farawa da na tashi, da nisan da za a ba asibiti da makaranta, a kan motar gwamna da ta mai maganin basir daidai wa daida. Na'urar awon ƙara ba ta da tsada, kuma Sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita 'yancin faɗar albarkacin baki domin kare lafiyar jama'a. Majalisun jihohi na da hurumin yin wannan doka, ƙananan hukumomi kuma su ne Kundin ya ba kula da tallan waje. Cikas ɗin shi ne, waɗanda za su rubuta dokar su ne manyan masu hayar motocin. Shi ya sa da wuya ta samu sai matasan da ke bin bayan motocin, da waɗanda ke zaune a hanyarsu, sun sa ta cikin buƙatun da za su miƙa wa masu neman ƙuri'arsu.