Alhakin Tururuwa

Akwai wata mas'ala wadda ke yi wa mutane da yawa kai-kawo a zuci, amma kunya ta hana su kai ta gaban malami, don gudun kada a yi musu dariya ko a ce wasuwasi ne ya kama su. Ita ce 'yar damuwar nan da kan taso wa mutum bayan ya kashe ƙwaro da hannunsa: uwargida ta kwarara tafasasshen ruwa a ramin tururuwa, ko magidanci ya take gyare da takalmi ba don ya yi masa kome ba sai don ya gifta ta gabansa, sa'an nan daga baya zuciya ta ce masa, ashe wannan ma rai ne, kuma ba kai ka ba shi ba. Ni dai a wurina wannan damuwa alama ce ta zuciyar da ba ta ƙeƙashe ba, kuma ba zan taɓa shiga sahun masu yi mata ba'a ba. Jayayyata ɗaya ce: mun ɗora ta a inda nauyinta bai kai ya kawo ba, mun ɗauke ta daga inda ta wajaba.

Duk wanda ya sauke Alƙur'ani mai girma ya san cewa ƙananan halittu ba baƙi ba ne a cikinsa. Ga Suratun Nahli da sunan ƙudan zuma, ga Suratun Namli da sunan tururuwa, ga Suratul Ankabuti da sunan gizo-gizo; an buga misali da sauro a Baƙara, an buga da ƙuda a Hajji, kuma a cikin An'ami an sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ban ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne irinmu. A ƙissar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sarkin da aka hore wa iska da aljannu, an tsaya an hakaito mana maganar tururuwa guda ɗaya wadda ta gargaɗi 'yan'uwanta su shige gidajensu kada runduna ta tattake su. Abin lura a nan, wanda malaman tafsiri ba su bari ya wuce su ba, shi ne ita kanta tururuwar ta yi wa rundunar uzuri tun kafin a taka ta, ta nuna cewa in hakan ta faru, cikin rashin sani ne. Saboda haka wanda ya taka kiyashi a hanyarsa ta zuwa masallaci, ko manomin da garmarsa ta datse tana a ƙarƙashin ƙasa, ya kwantar da hankalinsa, babu alhaki a kansa.

Amma nassin da ya fi kowanne tsaya mini a rai shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, game da wani annabi daga cikin annabawa wanda ya sauka a gindin wata itaciya, tururuwa ta cije shi, ya yi umarni aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah Maɗaukakin Sarki ya yi masa wahayi yana zarginsa a kan halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon guda ɗaya. A wata ruwayar an nuna masa cewa da ma ya tsaya a kan wadda ta cije shi. To, jama'a, a dubi ma'aunin da kyau. Ba a hana shi kare jikinsa ba, ba a kuma ce tururuwar da ta yi cizo ta fi ƙarfin hukunci ba; abin da aka zarga shi ne ƙetare haddi, watau haɗa mai laifi da marar laifi a hukunci ɗaya, kamar hakimin da aka sace wa akuya ya sa a cinna wa ƙauyen wuta. Idan har aka yi wa annabi itabi a kan wannan, ban ga wanda zai ce shi ya fi ƙarfin tambaya ba.

A kan wannan ma'auni shari'a ta tafi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe abubuwa huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da wani tsuntsu da Larabawa ke kira suradu. A ɗaya gefen kuma ya yi izinin kashe wasu biyar ko da a cikin Harami ne, inda ba a tsinke ko ciyawa: hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo, har ma ya yi umarnin a kashe maciji da kunama ko da mutum yana tsakiyar salla. Illar hukuncin a bayyane take, ita ce cutarwa. Kuma ba sai mun je nesa neman wanda zai warware mana ba, domin littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, kuma har gobe ana biya shi a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, ya kawo mas'alar a cikin babukansa na ƙarshe. Ya nuna cewa babu laifi a kashe tururuwa idan ta cutar kuma aka kasa jure ta, amma barinta shi ya fi soyuwa. Ya karhanta kashe kwaɗi. Ya kuma karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. A tsaya a nan kaɗan. Ƙwarƙwata ce fa, wadda babu mai musun halaccin kashe ta, amma duk da haka aka ce kada a jefa ta a wuta, domin halaccin kisa bai halatta azabtarwa ba, kuma hadisi na 17 a cikin Arba'una na Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa da yanka. Ashe ke nan sharuɗɗan sun fito: cuta ta tabbata, a rasa wata mafita, a tsaya a kan mai cutar, kuma a gaggauta.

Wanda ya riƙe waɗannan sharuɗɗa ba zai yi asarar barcinsa a kan sauro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 608,000 a shekarar 2022, kusan kashi 31 cikin 100 a Nijeriya, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan mamatan, kuma galibinsu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. A ƙasar Indiya akwai mabiya addinin Jain, waɗanda masu zuhudunsu ke share wuri da tattausan abin shara kafin su zauna, wasunsu har da rufe baki da ƙyalle, duk don kada su halaka wani ƙaramin rai. Ina girmama himmarsu, amma ba ita ce hanyarmu ba, domin kiyaye ran ɗan Adam yana cikin manyan manufofin shari'a. Uwar da ta tafa sauro a goshin jaririnta, ko ta rataya masa gidan sauro mai magani, aikin lada ta yi. Haka ma wanda ya yi wa gadonsa maganin kuɗin cizo, ko ya cire wa saniyarsa kaska, ko manomin da ya tare farin dango, irin wadda ta cinye gonaki a Nijar a 2004 aka wayi gari cikin yunwa a shekarar da ta biyo.

To, ina alhakin yake? Yana bayan mai famfon feshi. Abin mamaki ne ƙwarai a ce mutumin da zai ji ɗar don ya murje zanzaro ɗaya a bangon ɗakinsa, shi ne kuma zai wayi gari ya dama magani da kimar ido, ba tare da ya karanta takardar da ke jikin kwalbar ba, wani lokaci ya gauraya iri biyu ko uku don ya ji an ce haka ya fi ƙarfi, ya shiga gona da hantsi, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙudan zuma ya sauka a kansa, ya feshe kome da kome, ya koma gida zuciyarsa fes, don kawai bai ga gawa ba. Alhali kuwa kankana da kabewa furensu na namiji dabam, na mace dabam, ba sa yin 'ya'ya sai ƙwaro ya ɗauki garin wannan ya kai wa wancan, kuma kaɗanyar da mata ke tsintar 'ya'yanta ta fi yin albarka inda zuma ke da yawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gonar da ake ci suna amfana da irin wannan hidima, wadda ba a biyan ko anini a kanta. A ƙasar Jamus wasu masana sun yi shekara 27, daga 1989 zuwa 2016, suna kafa tarko suna auna nauyin ƙwarin da ke tashi a wurare 63 da aka keɓe don kiyaye halittu, suka tarar ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. A keɓaɓɓun wurare ke nan, balle a tsakiyar gona.

Kuma wannan israfi bai tsaya a kan ƙwari ba, ya komo kanmu. Dangin magungunan da ake fesa wa auduga da shinkafa da kayan lambu su ne ake jiƙa gidan sauro da su, kuma 'ya'yan sauro a cikin ruwan fadamun nan da kududdufan gefen gona suke girma. Waɗanda suka jure maganin su ne ke rayuwa su hayayyafa, har aka kai yanzu sauron da ke jure maganin ya bazu a Afirka ta Yamma. Watau da hannunmu muke dakushe makamin da muke kare 'ya'yanmu da shi. Ga kuma fiya-fiya da ake yayyafa wa wake a rumbu da shago, wadda ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Waken da Bature ya ƙi, mu muka dafa shi muka ci. Alhali akwai buhun nan mai ninki uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda in aka ɗaure shi tam ƙwaron wake ke mutuwa a ciki don rashin iska, ba tare da an taɓa kowa a waje ba. Wannan shi ne tsayawa a kan wadda ta yi cizo.

Sai maganar wuta, wadda nassi ya fi tsanantawa a kanta, mu kuma muka fi sakaci da ita. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'udu cewa a wata tafiya Manzon Allah ya ga gidan tururuwa da sahabbai suka ƙone, ya yi musu inkari, ya nuna cewa azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce kaɗai. Mu kuwa da zarar kaka ta wuce sai samari su banka wa daji wuta don farautar gafiya, a ƙone abin da babu mai iya ƙidayawa sai Wanda ya halicce shi. Mai cin zuma kuma ya hau itace da dare da bakin wuta ya babbake amya, ya kashe masu yi masa aikin don ya kwashi aikin nasu, alhali hayaƙi kaɗai ya isa ya lafar da su. Ko garar da muke tsinewa, manoman Illela a jihar Tawa sun san darajarta: tun ƙarshen shekarun 1980 suke haƙa ramukan tassa a kan faƙo, dabarar da suka gano a Yatenga ta Burkina Faso, inda Yakuba Sawadogo ya shahara da ita, su zuba taki a ciki, gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga, gero ya tsaya a inda a da ko ciyawa ba ta fitowa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe.

Masana na zamani ma sun fara zuwa inda malamanmu suka daɗe. Karl von Frisch ya sami lambar Nobel a 1973 saboda gano yadda ƙudan zuma ke yi wa 'yan'uwansa kwatancen inda abinci yake ta hanyar wata irin rawa, kuma a 2022 masu bincike a jami'ar Queen Mary ta Landan sun ga wani jinsin ƙudan zuma yana mirgina ƙananan ƙwallaye ba don an ba shi ladan abinci ba. Halittar da ke da irin wannan sha'ani ba abin wasan yara ba ce, don haka yaron da aka gani yana fizge wa fara ƙafafu, ko ya ɗaure ƙwaro da zare yana wulwulawa har ya mutu, a tsawata masa da taushi. Fara halal ce a ci, ba a ce halal ce a wulaƙanta ba.

Kirana ga limamanmu da masu wa'azi shi ne su keɓe wa wannan babi huɗuba guda kafin faɗuwar damina, wata kuma da kaka, su karanta wa manoma hadisin annabin nan da hukuncin Risala, su ambaci famfon feshi da ƙona daji da sunansu. Malaman gona kuma su koya wa mutane a duba gona kafin a yi feshi, a auna magani yadda aka rubuta, a bari sai yamma ta yi zuma ya koma amya, a kuma nisanci bakin rafi wajen wanke famfo. Kai kuma mai karatu, idan tururuwa ta dame ka a ɗaki, fara da share abin da ya kawo ta da toshe inda take shigowa; in ta ƙi, an yi maka rangwame, amma ban da wuta.