Takardar Aiki Ta Zo, Saura Zama A Wurin Aiki

Mutumin da ya gama makaranta ya shekara huɗu ko biyar yana zaman kashe wando, sa'an nan wata rana aka miƙa masa takardar ɗaukar aikin Gwamnati, ba shi kaɗai ya sami aikin nan ba. Uwa ta samu, ƙanne sun samu, har mai kantin da ya ke ba shi bashin sabulu shi ma ya samu. Muna taya irin waɗannan samari da 'yan mata murna, musamman waɗanda aka tura ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Amma akwai wata magana da mu ke so mu yi da su tun ba su ɗaura kaya ba.

Mun san irin wuyar da suka sha. Waɗansu sun fito daga Kwalejin Horon Malamai ta Maru, waɗansu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, waɗansu kuma daga Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. Da yawa sun ɗanɗana aiki aka fizge. Shirin N-Power da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya tura matasa koyarwa a firamare a kan naira 30,000 a wata, amma a 2020 aka sallami rukuni biyu na farko, wajen mutum 500,000 a ƙasa duka. Wani ya koma gona, wani ya koma sayar da katin waya a bakin tasha, wani kuwa ya zauna ƙofar gida kunya ta hana shi ko zuwa suna.

To, wanda ya yi irin wannan zama ba ya kama aiki da hannu biyu kawai, da bashi ya ke kamawa. Ga na mai kanti, ga na aboki, ga alkawarin aure da aka yi ta ɗagawa. Dokar da aka sa wa hannu a 2024 ta ƙayyade albashi mafi ƙanƙanta naira 70,000, amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na hatsi suka yi tashin gwauron zabo. Ran da albashin fari ya shigo, sai sabon ma'aikaci ya ga abin da ya shekara biyar yana mafarki bai kai shi tsakiyar wata ba. Daga nan ne zuciya ta kan fara raya masa abu biyu: ko ya nemi wani babba ya rubuta masa 'yar takarda a maishe shi Gusau, ko kuwa ya bar sunansa a ƙauye shi ya ci gaba da tsohuwar sana'arsa a gari.

Na biyun nan ya fi sauƙi yanzu. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai mutum ya tsaya gaban malamin baitulmali ya sa hannu kafin a ƙirga masa kuɗinsa, kuma hakimi da dagaci sun san wanda ya kwana a gari da wanda bai kwana ba. Yau kuwa albashi ta banki ya ke zuwa, waya ta yi ƙara ko mutum yana Sakkwato. Ci gaba ne, ba mu musa ba, sai dai ya buɗe wa malalaci ƙofa.

Wanda ya ke tsammanin rashin zuwan ƙaramin ma'aikaci ɗaya ba kome ba ne, to ya tuna 2010. A wannan shekara ne aka gane gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya, irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Maza su kan kawo duwatsu gida a daka a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, su sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka fara kai labari waje kuwa ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne, da suka zo duba cutar sanƙarau suka tarad da yara suna ta suma suna mutuwa. Bagega ma ba a kwashe ƙasarta mai guba ba sai 2013. Ba mu ce wani akawu shi kaɗai zai iya hana wannan masifa ba. Amma malamin asibitin da ke kwana a garin, yana rubuta kowane yaro da aka kawo masa, da malamin makarantar da ya lura aji yana raguwa ya tambayi dalili, su ne idon Gwamnati a wurin. In ba su nan, labari sai ya makara, kuma makarar nan da rayuka a ke biyanta.

Akwai masu cewa tsoro ne ya ke hana su, ba lalaci ba. Wannan gaskiya ne, ba kuwa za mu raina shi ba. Kowa ya ji abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairu na 2022, kuma ba mai hankalin da zai ce wa ɗan wani ya kai kansa mahallaka. Sai dai in gari ya tashi, mutanensa ba su ɓace ba. Dubbai sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, kamar yadda ambaliyar 2024 ta raba jama'a da yawa da gidajensu a Gummi. Malamin da makarantarsa ta rufu ya rubuta wa sakataren ilmi na ƙaramar hukumarsa, ya nemi a haɗa shi da makarantar da ɗalibansa suka koma. Wannan daban ne da wanda ya fake da guzuma ya harbi karsana.

Gwamnati ita ma akwai nata. Ba daidai ba ne a ɗauki mutumin da ba shi da ko kwabo, a tura shi gari mai nisa, sa'an nan a bar shi wata uku ana cewa ba a gama shigar da sunansa ba. Wanda aka koya wa cin bashi a watan fari da wuya ya daina. A biya shi a kan kari, a tura shi kusa da ƙasarsu in ya yiwu, kuma a hana canjin wurin aiki don alfarmar wani babba, domin duk wanda aka maido Gusau ta wannan hanya aji guda ne aka bari ba malami.

Ku kuma tsofaffin akawuna da shugabannin makarantu, kada ku karɓi ko goro wajen buɗe wa sabon zuwa fayil. Ku nuna masa yadda a ke cika rajista, ku kai shi ya gai da dagaci da liman, ku taimake shi ya sami ɗakin kwana kafin damina ta yanke hanya.