Sharhi: Gasar Intel Da AMD, Gudu Ko Ƙarko?

Fort Washington — A garin Fort Washington na Jihar Maryland, wanda ke bakin kogin Potomac kudu da birnin Washington, da ma sauran unguwannin yankin Prince George's, akwai 'yan Afirka ta Yamma da yawa, kuma abu ne da aka saba gani ɗan uwa ya yo saƙo daga gida yana neman a sayo masa kwamfutar tebur mai ƙarfi, ko don tace fina-finai a Kano, ko don shagon buga takardu a Katsina ko Maraɗi. Idan mai sayen ya shiga babban kantin kwamfuta, kamar Micro Center da ke Rockville ko Fairfax, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: Intel ko AMD? Ta biyu kuwa, wanne ne ya fi gudu idan an yi masa ƙaimi?

Waɗannan kamfanoni biyu na Amurka su ne ke ƙera kusan dukkan furosesa, wato ɗan guntun nan da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur. Kowace furosesa tana da gudun da kamfani ya ƙayyade mata, wanda ake aunawa da megahaz ko gigahaz. Yi mata ƙaimi shi ne a shiga saitin babban allon kwamfutar a ɗaga wannan gudu ya wuce ƙa'ida, galibi tare da ƙara ƙarfin wutar da ke shigarta, kamar dai yadda mahayi kan zaburi doki a filin sukuwa.

Akwai lokacin da wannan dabara ta kasance riba ce tsagwaronta ga mai ƙaramin ƙarfi. A watan Agustan 1998 kamfanin Intel ya fito da Celeron 300A, furosesa mai arha da ke gudun megahaz 300. Ba a jima ba masu sha'awar abin suka gano cewa sauya saiti ɗaya tak, daga 66 zuwa 100, yana kai ta megahaz 450, inda take gogayya da Pentium II 450 wadda kuɗinta ya ninka nata fiye da sau uku. A shekarar 2000 kuma aka riƙa amfani da fensir ana haɗe wasu 'yan layuka a jikin Athlon da Duron na AMD domin kwance musu takunkumi. A wancan zamani kamfanoni kan bar sarari mai yawa tsakanin abin da furosesa za ta iya da abin da aka rubuta a kwalinta, saboda haka wanda ya san kan abin yakan ci bulus.

To amma tun a lokacin an fara ganin iyakar wannan tsere. A watan Maris na 2000 AMD ya riga Intel kaiwa gigahaz 1 da 'yan kwanaki. Intel ya yi hanzarin mayar da martani da Pentium III mai gigahaz 1.13, amma kafin ƙarshen watan Agustan wannan shekara sai da ya janye ta daga kasuwa, domin tana cijewa a tsakiyar aiki. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Darasi na biyu ya zo a 2011. A wannan shekara furosesar FX-8150 ta AMD ta shiga kundin bajinta na Guinness da gudun gigahaz 8.429, bayan an sanyaya ta da ruwan iskar hiliyam, an kuma kashe yawancin sassanta. Amma da ta shiga kasuwa a watan Oktoba, sai aka tarar cewa Core i5-2500K ta Intel, mai gudun gigahaz 3.3 kuma mai rahusa a kanta, ta fi ta a wasannin kwamfuta da ayyuka da dama na yau da kullum, ga shi kuma ba ta kai ta shan wuta ba. Wannan ya tabbatar da cewa yawan gigahaz kaɗai ba ya nuna yawan aiki, domin abin da furosesa ke gamawa a kowane bugu shi ma abin dubawa ne.

A 'yan shekarun nan lamarin ya sauya baki ɗaya. Tun bayan da AMD ya farfaɗo da jerin Ryzen a 2017, gasa ta yi zafin da kamfanonin da kansu suke yi wa kayansu ƙaimi tun daga masana'anta. Core i9-14900K da Intel ya fitar a watan Oktoban 2023 tana kaiwa gigahaz 6 ba tare da kowa ya taɓa ta ba, kuma a rubuce tana iya jan wuta har wat 253. Sararin da ake cin bulus a cikinsa a da ya kusa ƙarewa. Abin da mutum zai ƙara da hannunsa bai taka kara ya karya ba, alhali wutar da furosesa ke sha tana ƙaruwa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa, kuma duk wutar da ta sha zafi take komawa.

Kamfanonin biyu duka sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Afrilun 2023 aka samu rahotannin ƙonewar wasu furosesa na Ryzen 7000, har AMD ya taƙaita ƙarfin wutar wani sashe nasu zuwa bolt 1.3. A watan Yulin 2024 kuma Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima ce ke sa manyan furosesarsa na zubi na 13 da na 14 suke cijewa, daga baya ya fitar da gyara, ya kuma ƙara musu garantin shekara biyu, ko da yake gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Idan masu abin da kansu sun zarce gona da iri, ina ga wanda zai ƙara da nasa?

A nan ne maganar ta shafi mai saye a Fort Washington da mai karɓa a Kano. Gwaje-gwajen da mujallu da shafukan intanet ke bugawa ana yin su ne a ɗakuna masu sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. A Sakkwato kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, a hunturu ƙura ta toshe fanka, wutar lantarki kuma ta zo da ƙarfi yanzu, an jima ta yi ƙasa. Furosesa tana da iyakar zafin da idan ta kai sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, digiri 100 ga waɗannan na Intel, 95 ga yawancin Ryzen 7000. Wadda aka yi wa ƙaimi a ɗaki mai zafi za ta riski wannan iyaka da wuri, sai gudun da aka biya kuɗi dominsa ya zama na takarda kawai. Inda wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Sai kuma kuɗin wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta Najeriya ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa guda, kafin daga baya a ɗan sassauta. Alal misali, idan kwamfuta ɗaya ta fi wata shan wuta da wat 150, kuma tana cikakken aiki awa 8 kullum, bambancin ya kai kilowat 36 a wata, wato naira 8,100 a wancan farashi, kusan naira 100,000 a shekara. Wanda ke aiki da janareta ko sola da inbata shi ya fi jin abin a jikinsa. Bugu da ƙari, kamfanonin biyu sun bayyana cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙaimi ya jawo, balle ga kayan da suka riga suka tsallaka teku.

Wannan ba ya nufin kamfani ɗaya ya fi ɗaya a kowane fage. Ryzen 7 7800X3D, wadda ta fito a 2023 kan dala 449, ta yi kafaɗa da kafaɗa da i9-14900K mai dala 589 a wasannin kwamfuta, har takan wuce ta, da wutar da ba ta kai rabin tata ba, saboda babban rumbun ajiyar da aka ɗora mata. Amma a aikin tace fim, inda yawan sassa ke da amfani, ta Intel mai sassa 24 ta fi wannan mai 8 nesa ba kusa ba. Ta fuskar ƙarko kuwa, da yawa daga cikin allunan AM4 na AMD da aka saya a 2017 sun karɓi sababbin furosesa na 2022 bayan an sabunta manhajarsu, abin da ya rage wa masu su kashe kuɗi ƙwarai.

Saboda haka abin da ya kamata mai saye ya fara tambaya shi ne wane aiki kwamfutar za ta yi, a wane ɗaki, da wace irin wuta. Cibiyar jarrabawar JAMB mai kwamfutoci barkatai ba ta bukatar ko guda da aka yi wa ƙaimi. Bukatarta kada ɗaya ta mutu ɗalibi yana tsakiyar amsa. Mai tace fim zai fi amfana da furosesa matsakaiciya, da fanka mai kyau, da isasshiyar ma'ajiya, da na'urar daidaita wuta, a kan ya zuba dukkan kuɗinsa a guntu ɗaya. Wajibi ne kuma a tabbatar akwatin wutar kwamfutar yana karɓar bolt 230 na Najeriya, tun da na Amurka 120 ne.

Hasali ma dabarar da ta fi dacewa da ƙasashe masu zafi a yau ita ce a ja linzami. Allunan kamfanonin biyu suna ba da damar rage wutar furosesa, kuma Ryzen 9 7950X mai wat 170, idan aka mai da ita 105, kaɗan take rasawa daga ƙarfinta. A 1998 gwani shi ne wanda ya fitar da megahaz 450 daga 300. A yau gwani shi ne wanda kwamfutarsa za ta ga bazara biyar a Kano tana aiki.