Ba Kowane Ciwon Mara Ba Ne Laulayi

A gidajenmu babu wanda ya kai mace mai ƙaramin ciki iya ɓoye ciwo. Tun tana budurwa aka koya mata cewa ciki ba abin shela ba ne, balle na fari. Ba ta faɗa wa mahaifiyarta, ba ta faɗa wa surukarta, wani lokaci mijin ma sai dai ya gane da kansa idan ya ga ta tsani warin miya ko tana yawan tofar da yawu. Wata kunya ce ke hana ta, wata tsoron baki, wata kuma ba ta so kishiya ta ji tun cikin bai yi ƙwari ba. Kunya ado ce, addini ya yabe ta, ni ma ina yabonta. Damuwata ita ce ranar da wannan ɓoyo ya haɗu da ciwon mara mai tsanani a watannin farko na ciki, mutanen gida suka ce wa yarinya ta daure, laulayi ne. Da wannan kalma mun binne mata da yawa.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san yadda irin wannan dare yake kasancewa. Bayan sallar isha'i amarya ta durƙushe a bakin gado, ta dafe gefe ɗaya na mararta, tana cije leɓe don kada a ji nishinta. Uwar miji ta leƙo ta ce, "Sannu 'yar nan, daure, duk haka muka yi." A jiƙa mata kanwa, a ɗora ruwan zafi, a aiki yaro kemis ya karɓo maganin ciwon ciki. Maigida yana ci-rani a Kudu, wayarsa ba ta shiga, kuma babu mai ƙarfin halin fitar da matar mutum da dare ba da izininsa ba. Sai a yanke shawara a bari gari ya waye. Can cikin dare ta miƙe za ta kewaya, jiri ya kwashe ta ta faɗi. A yayyafa mata ruwa ta farfaɗo tana cewa, "Inna, kafaɗata ke ciwo." Tafin hannunta ya yi fari fat, zufa mai sanyi na karyo mata, amma da aka duba zaninta sai ɗan ɗigon jini kawai. Wani ya ce iska ce ta taɓa ta, a nemo malam ya yi tofi. Kafin a samo ɗan adaidaita da asuba, aikin gama ya kusa gamawa.

Abin da ke faruwa a jikin wannan yarinya likitoci sun daɗe da saninsa, shi ne ciki a wajen mahaifa. A ka'ida ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi a cikin wani siririn bututu, daga nan ya gangara cikin mahaifa ya zauna. Wani lokaci sai ya maƙale a hanya ya fara girma a cikin bututun. Mahaifa Allah ya halitta ta tana buɗewa har ta ɗauki jariri na wata tara, shi kuwa bututu ba shi da wannan hali. Cikin yana girma yana matse shi, har ya fashe, yawanci a wata na biyu ko na uku. Daga nan jini ya riƙa tsiyaya yana taruwa a cikin ciki. Kamar randa ce da ta tsage ta ƙasa: mai kallo daga sama bai ga komai ba, ruwa kuwa yana ƙarewa. Wannan ne ya sa mutanen gida ke ruɗuwa, domin sun saba auna haɗari da yawan jinin da suka gani a zani. Ciwon kafaɗar ma da ake ɗora wa iska, jinin da ya taru ne ke taɓa jijiyar da ke ƙarƙashin huhu. A cikin kowane ciki 100 ana samun 1 zuwa 2 irin wannan, kuma yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata a wata ukun farko na ciki. Ciwon sanyin da ya daɗe ba a yi maganinsa ba yana ƙara haɗarin, haka ma wadda ta taɓa yin irinsa, amma yana samun matan da ba su taɓa fama da komai ba.

Ba ina cewa duk ɗan murɗawar mara haɗari ba ne. Kasala, tashin zuciya, amai da ɗan jan mara mai zuwa ya wuce, waɗannan laulayi ne da aka sani. Alamomin da ba a kwana da su a gida daban suke, kuma ya kamata kowane magidanci ya haddace su. Ciwon mara mai tsanani wanda ya ƙi lafawa, musamman a gefe ɗaya. Zubar jini ko ɗigonsa tare da ciwo. Jiri, suma, ko bugun zuciya da sauri. Ciwo a saman kafaɗa ba tare da an bugu ba. Zazzaɓi mai zafi tare da ruwa mai wari daga gaba. Duk macen da ta yi ɓatan wata, ko da na sati biyu ne, ko da ba ta tabbatar tana da ciki ba, ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, to asibiti a wannan sa'ar. Yana iya zama ɓari ne da bai fita duka ba, ko ciwon afendis, ko ƙari a ma'ajiyar ƙwai da ya murɗe. Babu ungozoma ko mai kemis da zai iya bambance su da ido. Gwajin fitsari da hoton ciki ne ke rarrabewa, kuma ba su ɗaukar dogon lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan ciwo yana da magani tun tuni. Shahararren likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya bayyana irin wannan ciki a rubuce kimanin shekara 1,000 da suka wuce. A 1883 wani likitan tiyata a birnin Birmingham na Ingila, Lawson Tait, ya yi nasarar ceto mace ta hanyar ɗaure jijiyar da cire bututun da ya fashe. Yau manyan asibitocin gwamnati a Kano, Zariya, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram suna yin wannan aiki. Idan an zo da wuri tun bai fashe ba, wani lokaci allura kawai ake yi cikin ya narke ba tare da an taɓa wuƙa ba. Idan ya fashe, sai tiyata da ƙarin jini, kuma kowace sa'a da aka ɓata a gida tana rage damar tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Dalilan suna da yawa, amma hanyar mutuwar kusan ɗaya ce. Tun a 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa ta gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku za mu iya nuna wa gwamnati yatsa, muna da gaskiya, domin hanyoyin karkara sun lalace kuma asibitoci da yawa ba su da ma'ajiyar jini. Na farko kuwa a tsakar gidanmu yake faruwa, babu gwamnan da ya hana mu gyara shi.

Bari in fara da magidanta. Malam, da aka ɗaura maka aure amana aka danƙa maka, kuma ciyarwa da tufatarwa ba su ne iyakarta ba. Idan tsarin gidanka shi ne matarka ba ta fita sai da izininka, to wajibinka ne ka ba ta izini na dindindin a kan lalurar rashin lafiya, ka faɗe shi a gaban mahaifiyarka da ƙannenka domin kowa ya zama shaida. Kalma ɗaya ce: "Ko ba na nan, idan ciwo ya kama ta a kai ta asibiti, kada a jira ni." Ka ajiye wani abu a hannunta na mota da katin asibiti, ka karɓi lambar direba ko ɗan adaidaita na unguwa wanda zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne. Mutumin da ya tara kuɗin ragon suna tun ciki yana wata uku, amma bai tanadi na gaggawa ba, lissafinsa ya karkace. Idan kuma likita ya ce ana neman jini, kai ne na farko da ya kamata ya miƙa hannu, sannan 'yan'uwanka da abokan majalisarka.

Iyayenmu mata kuma, ku ne kuka fi kusa da waɗannan yara, kuma ku kuka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Gaskiya ne kun haifi takwas ko goma a ɗaki lafiya, Allah ya saka muku da alheri. Amma ku tuna da sa'o'inku da aka ce ciwon ciki na dare ɗaya ya ɗauke su suna amare, ba a taɓa sanin dalili ba. Idan surukarki ta kasa miƙewa tsaye saboda ciwo, kada ki auna ta da juriyarki. Ki ja ta gefe ki tambaye ta a hankali yaushe rabonta da ganin al'ada, ki yafa mayafi ki raka ta. Kada a ɗura mata jiƙo ko abinci a hanya, domin wataƙila tiyata za a shiga da ita. Allurar kashe ciwo a kemis kuwa rufe alamar kawai take yi, jinin yana ci gaba da zuba.

Na san abin da wasu za su ce: rai da ajali na Allah ne. Babu musulmin da ke jayayya da wannan. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. A yi tofi, a yi addu'a, amma a yi su a cikin mota ana tafiya. Wasu kuma tsoronsu kada ya zama an zubar da ciki. Ya kamata a fahimta cewa cikin da ya zauna a bututu ba zai rayu har haihuwa ba, kuma babu likitan da zai iya ɗauke shi ya mayar cikin mahaifa. Abin da ya rage a ceta shi ne ran uwa. Masu fargabar cewa za a juya mata mahaifa ko ta daina haihuwa, su sani bututun biyu ne, kuma mata da yawa sun ci gaba da haihuwa da ɗayan bayan an cire wanda ya fashe.

Akwai wadda abin ya fi yi wa tsanani, ita ce yarinya ko bazawarar da ta ɗauki ciki ba aure. Ita ɓoyonta ninki biyu ne, ta gwammace ta mutu a ɗaki da a ji. Laifi laifi ne, amma ƙofar tuba a buɗe take ga mai rai kawai. Uban da ya bar 'yarsa ta ƙare da jini don gudun abin kunya ya ɗauki nauyin da ya fi wanda yake gudu. Ma'aikatan lafiya su ma su ji tsoron Allah a nan. Tsawa da gori a ɗakin gaggawa suna cikin abubuwan da ke sa mata ƙin faɗin gaskiya game da ɓatan wata, kuma wannan amsa ɗaya ita ce mabuɗin gano ciwon. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikaci a Najeriya ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa. Mace ta zo a sume, a fara ceton ranta, maganar kuɗi ta biyo baya.

Ga ke mai cikin kuwa, 'yar'uwa, babu wanda ya ce ki yi shela a unguwa. Ki zaɓi mutum ɗaya da kika amince da shi, miji ko uwa ko yaya, ki sanar da shi tun watan farko. Ki fara awo da wuri, kafin sati 12 kamar yadda likitoci ke ba da shawara, kada ki jira ciki ya fito. Idan ciwo ya zo wanda kika san ba irin na kullum ba ne, ki buɗe baki ki ce a kai ki asibiti, ki maimaita har a ji. Gara a je likita ya ce ba komai, a yi asarar kuɗin mota a dawo. Limamai su ɗauki wannan magana zuwa mumbari, malaman Islamiyya su kai ta ajin matan aure, kowane magidanci kuma ya furta izinin nan a gidansa yau, tun ciwon bai zo ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.